Ina Fuluto Take? Aikin da ALMA Ta Yi Wa Kumbon New Horizons a 2014

A watan Agustan 2014 kumbon New Horizons na hukumar NASA ya ƙetare falakin Neftun, bayan fiye da shekara takwas yana keta sararin samaniya tun tashinsa daga Cape Canaveral ranar 19 ga Janairun 2006. Saura wata goma sha ɗaya ya riski Fuluto. A daidai wannan lokaci, masu tuƙa kumbon sun san inda yake sosai, shi da nauyinsa bai kai rabin tan ba. Amma Fuluto, duniya sukutum mai faɗin sama da kilomita 2,300, wadda aka shekara 84 ana kallonta, ba su da irin wannan tabbaci game da mazauninta. Hal Weaver, babban masanin kimiyyar shirin a ɗakin bincike na APL da ke Jami'ar Johns Hopkins, ya bayyana a lokacin cewa kuskuren zai iya kaiwa kilomita dubbai. Domin rage wannan kuskure ne aka yi amfani da ALMA, wata babbar na'urar hangen sama ta rediyo da ke ƙasar Chile.

Dalilin bambancin shi ne kumbo yana magana da mutane, Fuluto kuwa shiru take. Tashoshin NASA uku da ke Goldstone a Amurka da kusa da Madrid da kusa da Canberra suna aika wa kumbon saƙo, ya mayar musu, su ƙidaya lokacin da saƙon ya ɗauka zuwa da dawowa, sai nisa ya fito. Daga ɗan sauyin da ake samu a zangon saƙon, wato tsawon igiyarsa, kuma su san gudunsa. Duk duniyar da aka taɓa ajiye wa kumbo yana zagaya ta, kamar Mas ko Satan, ta ci wannan moriya, domin bin sawun kumbon bin sawun duniyar ne. Fuluto kuwa a lokacin ba a taɓa kai mata ziyara ba. Duk abin da aka sani game da hanyarta, daga hotunan da aka ɗauka a nan ƙasa ko kusa da ita aka samo shi.

Inda kuskuren ya samo asali

Clyde Tombaugh ya gano Fuluto ranar 18 ga Fabrairun 1930 a cibiyar kallon taurari ta Lowell da ke Flagstaff a jihar Arizona. Tana ɗaukar kimanin shekara 248 kafin ta gama zagaya rana sau ɗaya, wato zuwa 2014 kashi ɗaya cikin uku na hanyar kawai idon ɗan Adam ya shaida. Hanyar ma ba da'ira ba ce sak. Idan ta matso kusa, kamar yadda ta yi a 1989, nisanta da rana bai kai ninki 30 na nisan duniyarmu da rana ba, idan kuma ta yi can ƙurya sai ya haura ninki 49. Ga shi hanyar ta karkace da kusan digiri 17 daga shimfiɗar da sauran manyan duniyoyi suke bi. Wanda aka ba guntun baka aka ce ya zana sauran da'irar, zai iya zana da'irori da yawa da duk za su hau kan guntun, kowacce da nata girman. Wannan shi ne halin da masu lissafin falaki suke ciki. Hanyoyi da dama sun dace da hotunan da ke hannu, kuma inda suka fi saɓa wa juna shi ne nisan Fuluto daga rana.

Su kansu hotunan suna da nasu ciwon. Hoto ba ya gaya maka inda abu yake a sarari. Abin da yake nunawa shi ne inda abin yake idan an gwada shi da taurarin da ke kewaye da shi a cikin hoton. Saboda haka ingancin awon bai wuce ingancin kundin taurarin da aka dogara da shi ba. Taurari kuwa ba a kafe suke ba, kowanne yana ɗan gusawa shekara bayan shekara, kuma tsofaffin kundaye suna da karkata da takan shafi yanki guda na sama baki ɗaya. Irin wannan kuskure shi ne mafi muni, domin yawan hotuna ba ya magance shi. Ko hoto dubu aka ɗauka da kundi ɗaya, duk gefe ɗaya za su karkata tare.

Sai kuma Sharon, babban watan Fuluto. Har zuwa 1978, lokacin da James Christy ya lura da wani ɗan kumburi a jikin hoton Fuluto, ba wanda ya san tana da wata. Faɗin Sharon ya kai kilomita 1,200, kusan rabin na Fuluto, nauyinsa kuma kusan kashi ɗaya cikin takwas na nata. Tsakaninsu kimanin kilomita 19,600 ne, suna kewaya juna cikin kwana 6.4. Saboda girman watan, cibiyar nauyin su biyun ba ta cikin Fuluto, tana waje, kimanin kilomita 2,100 daga tsakiyarta. Wannan cibiyar ce take bin falaki sumul a kewayen rana, ita Fuluto tana ta rangaji a gefenta. A tsofaffin hotuna su biyun sun narke sun zama ɗigo ɗaya, kuma tsakiyar hasken ɗigon ba tsakiyar Fuluto ba ce, ba kuma cibiyar nauyin ba ce. Ƙari a kan haka, fuskar Fuluto dabbare-dabbare ce, wani wuri fari fat, wani wuri baƙi ƙirin, don haka tsakiyar haskenta ma tana yawo yayin da take juyawa.

Domin a gane girman abin, sai an riƙe lissafi ɗaya. Masana taurari suna raba digiri ɗaya gida 3,600, kowane gida sakan ɗaya ne na kusurwa. A nisan da Fuluto take a 2014, kimanin kilomita biliyan 4.8, sakan ɗaya na kusurwa daidai yake da kilomita 23,000. Ita Fuluto gaba ɗayanta kashi ɗaya cikin goma na sakan take cikawa a sama. Ke nan kuskuren da bai fi kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, wanda ba komai ba ne a awon tsakiyar ƙarnin da ya wuce, ya isa ya gusar da ita da faɗin jikinta guda.

Abin da kilomita dubu yake nufi ga kumbo

New Horizons ba zai tsaya ba. Ba shi da man da zai taka birki, wucewa kawai zai yi da gudun kusan kilomita 14 a sakan ɗaya, kuma damar sau ɗaya ce. Saƙo daga ƙasa yana ɗaukar kimanin awa huɗu da rabi kafin ya same shi, saboda haka ba maganar tuƙa shi kai tsaye. Duk juyin da zai yi, da duk hoton da zai ɗauka, an riga an rubuta an loda masa, kowanne da lokacinsa.

Idan Fuluto ta fi kusa ko ta fi nisa da kilomita 1,000 kan abin da aka zata, kumbon zai iso da wuri ko a makare da kimanin sakan 72. Kyamararsa mai hango nesa, LORRI, digiri 0.29 kacal take gani. Daga nisan kilomita 12,500 da aka tsara zai gifta, wannan fili ne mai faɗin kilomita sittin da 'yan kai, wanda kumbon yake ratsawa cikin ƙasa da sakan biyar. Kuskuren minti ɗaya ya isa ya sa hotunan da suka fi kowanne daraja su ɗauko wani wuri dabam, ko ma su ɗauko duhu. Akwai kuma gwaje-gwaje biyu da suke bukatar kumbon ya shiga inuwar Fuluto daidai, ya kalli rana da kuma saƙon rediyo daga ƙasa suna ratsa siririyar iskarta.

Mai tambaya zai ce, ai kumbon yana da ido, me zai hana ya gyara da kansa? Haka ne, kuma an yi amfani da hotunansa wajen saita hanya. Sai dai wanda ya doshi abu kai tsaye yana gane ko abin ya karkata dama ko hagu, sama ko ƙasa, amma saura nawa ya isa, wannan ba ya bayyana sai an matso sosai. A ƙa'idar lissafi, sai 'yan kwanakin ƙarshe hotunan kumbon suke fara faɗin wani abin kirki game da nisa. Ɓangaren da kumbon ya fi rauni a kai shi ne kuma ɓangaren da awon ƙasa ya fi rauni a kai.

Shigowar ALMA

ALMA tana kan tudun Chajnantor a hamadar Atacama da ke arewacin Chile, mita 5,000 sama da teku. Tarin farantai ne guda 66, 54 masu faɗin mita 12 da 12 masu faɗin mita 7, waɗanda suke aiki tare kamar na'ura ɗaya. Turai da Amurka ta Arewa da Gabashin Asiya ne suka haɗa kuɗi da ƙwararru suka gina ta tare da ƙasar Chile, aka buɗe ta a hukumance a Maris ɗin 2013. Ba don duniyoyin rana aka fi gina ta ba. Babban aikinta shi ne kallon ƙura da iskar gas masu sanyi inda taurari suke haihuwa.

Sanyin nan shi ne mahaɗarta da Fuluto. Duk abin da ke da ɗumi, komai ƙanƙantarsa, yana fitar da haske gwargwadon ɗuminsa. Fuskar Fuluto tana wajen digiri 230 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, kimanin 43 ke nan a ma'aunin Kelvin, kuma abu mai irin wannan sanyi yana fitar da haske mai dogon zango wanda ido ba ya gani, har zuwa zangon milimita da ALMA take ji. Wato ALMA ba hasken rana da ya daki Fuluto ya dawo take kamawa ba, ɗumin jikin Fuluto take kamawa. Wannan ya rage matsalar dabbare-dabbaren fuska, domin bambancin ɗumi tsakanin wuri mai fari da wuri mai duhu bai kai bambancin haskensu ba, ko da yake bai kawar da ita gaba ɗaya ba. Akwai wata riba kuma. A wancan lokaci Fuluto tana ratsa ɓangaren sama da ke fuskantar tsakiyar rukunin taurarinmu, inda taurari suka yi cincirindo har suna cakuɗa da ita a hoto. A zangon milimita galibin taurarin nan ba sa fitowa, sai filin ya zama fayau.

Yadda irin wannan na'ura take gane wuri ya bambanta da na kyamara. Igiyar haske da ta taso daga Fuluto ba ta isa farantai biyu a lokaci ɗaya, sai ta riga taɓa ɗaya kafin ɗayan, da ratar da ta dogara ga kusurwar da ta fito. Wata babbar kwamfuta da ke can kan tudun tana gwada saƙon kowane faranti da na kowane, ta fitar da wannan rata. Idan an san tazarar farantan daidai, ratar ta zama kusurwa. Kaifin gani kuwa yana bin tsawon zango a raba da tazarar farantan da suka fi nisa da juna. Misali, da zangon milimita ɗaya da tazarar mita 500, ana samun kusan kashi huɗu cikin goma na sakan. Sharon yana nisanta da Fuluto har kusan kashi takwas da rabi cikin goma na sakan idan ya buɗe sosai, don haka ana iya raba su. Kada kuma a ɗauka kaifin gani shi ne iyakar awo. Idan ɗigo yana da haske sosai a kan hayaniyar da ke bayansa, ana iya tantance tsakiyarsa fiye da faɗinsa sau goma, sau hamsin, har fiye.

Abin da yake taka wa awon birki shi ne iska. Tururin ruwa da ke sama yana jinkirta igiyar, kuma jinkirin ba ɗaya ba ne a kan kowane faranti, yana sauyawa cikin sakanni. Shi ya sa aka kai ALMA ɗaya daga cikin wurare mafi bushewa a duniya, aka kuma sanya wa manyan farantan na'urar da take auna tururin da ke gabansu a kai a kai domin a cire tasirinsa. Duk da haka saura yakan rage, haka ma ɗan kuskuren sanin mazaunin farantan. Maganin da aka saba shi ne a riƙa waiwaye. A kalli wani abu da aka san mazauninsa sarai na ɗan lokaci, a juya kan abin da ake nema, a sake komawa, haka har a gama. Idan su biyun suna kusa da juna a sama, kusan iska ɗaya haskensu ya ratso, sai kuskuren da ya shafi ɗaya ya shafi ɗayan, a ɗebe shi.

Abin da aka zaɓa a matsayin tudun dafawa shi ne wata kweza mai lamba J1911-2006. Kweza cibiyar wani rukunin taurari ce mai nisan gaske, inda wani ƙaton baƙin rami yake haɗiye abin da ke kewaye da shi yana fitar da haske mai tsanani. Nisansu ya kai biliyoyin shekarun tafiyar haske, don haka komai gudunsu, a idonmu ba sa motsi. Tun 1998 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta mayar da su ginshiƙin taswirar sama. Tsarin farko ya dogara da guda 212, wanda aka sabunta a 2009 kuma ya dogara da 295, duk an auna su da na'urorin rediyo da ke nahiyoyi dabam-dabam.

A ganina nan ne ainihin darajar aikin take, kuma nan ne aka fi saurin wucewa idan ana ba da labarinsa. Shi ma New Horizons da kweza ake auna kusurwarsa. Tashoshi biyu na NASA, misali Goldstone da Canberra, sukan saurari kumbo a lokaci ɗaya, su juya su saurari wata kweza da ke kusa da shi a sama, su gwada. Wato mazaunin kumbon a kan taswirar kweza yake rubuce. Mazaunin Fuluto kuwa a kan taswirar taurari yake, wadda sai an bi ta matakai kafin a ɗaura ta a kan ta kweza, kowane mataki da ɗan kuskurensa. ALMA ta tsallake matakan. Ta auna wurin da za a je da irin ma'aunin da ake auna matafiyin.

Awon kansa

Ed Fomalont na cibiyar NRAO ta Amurka, wanda ya daɗe a fagen auna mazaunin abubuwa da rediyo, yana cikin waɗanda suka ja ragamar aikin. An kalli Fuluto a ƙarshen Afrilun 2014, aka sake kallonta a Yuli, kuma a farkon Agusta aka fitar da hotunan. Ba su da wani kyan gani: ɗigo biyu ne, babba da ƙarami, ƙaramin yana sauya wuri daga hoto zuwa hoto. Amma ɗigo biyu ake nema. Da zarar an raba Fuluto da Sharon, an kuma san rabon nauyinsu, cibiyar nauyin ta fito. Ya kamata a tuna cewa ALMA ba ta kai ƙarfinta ba a lokacin. Sai a watan Satumba na shekarar aka fara gwajin baza farantan zuwa tazarar kilomita goma sha wani abu, gwajin da shi Fomalont ɗin ya taka rawa a cikinsa.

Akwai ƙananan gyare-gyare da ba a ganinsu a hoto amma ba makawa sai an yi. Fuluto ba ta tsaye kamar kweza. A watan Yuli, lokacin da duniyarmu take tsakaninta da rana, tana gusawa a sama da kusan sakan huɗu na kusurwa a kowace awa, ninki arba'in na faɗin jikinta, galibi saboda tafiyar duniyarmu. Dole kwamfuta ta bi ta bisa hasashen da ake da shi, abin da ake aunawa kuma shi ne ratar da ke tsakanin hasashen da zahiri. Hasken da ya iso kuma ya baro ta awa huɗu da rabi da suka wuce, kuma a cikin wannan lokaci ta yi gaba da fiye da kilomita 80,000. Duk wannan lissafi ne sananne, amma kuskuren sakan kaɗan a agogo zai ɓata shi.

To ina maganar nisa, wadda ita ce asalin damuwar? Miƙe hannu ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya, sannan ka sauya ido. Yatsan zai yi tsalle a gaban abin da ke bayansa, kuma gwargwadon kusancinsa gwargwadon tsallen. Idanun nan biyu su ne wurare biyu a kan hanyar duniyarmu ta zagaya rana, bangon da ke baya kuma kweza ce. Ga Fuluto tsallen ya kai kusan digiri 1.8 kowane gefe. Ya fi girma a wajajen Afrilu da Oktoba, lokacin da duniyarmu ta fita gefe, a Yuli kuwa kusan babu shi. Shi ya sa ba a yi kallon duka a wata ɗaya ba.

Amma a yi lissafin a gani. Digiri 1.8 kimanin sakan 6,400 ne. A ce an auna kusurwa da kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, wanda awo ne mai kyau ƙwarai. A gefe da gefe wannan kilomita 230 ne kawai. A nisa kuwa, kashi ɗaya cikin 640,000 ne na kilomita biliyan 4.8, wato sama da kilomita 7,000. Ko an haɗa Afrilu da Oktoba an ninka tazarar, rabin haka ake samu. Ma'ana kuskure iri ɗaya ya fi ciwo a nisa sau goma sha biyar zuwa talatin fiye da yadda yake a gefe. Duk wanda ya ce kallo huɗu ko biyar na ALMA su kaɗai sun warware nisan Fuluto, bai yi wannan lissafi ba.

Amfaninsu ta wata hanya yake zuwa. Ba a gano nisan duniya daga awo ɗaya, daga siffar hanyarta gaba ɗaya ake gano shi, tun da dokar jan nauyi ta ɗaure gudu da nisa. Masu lissafi a ɗakin bincike na JPL da ke Kalifoniya suna zuba duk awon da aka taɓa yi cikin tsari ɗaya, su nemi hanyar da ta fi dacewa da su duka. A irin wannan tsari, awo kaɗan da kuskurensu bai haɗa dangi da na sauran ba sun fi ɗaruruwan da suka gaji karkata ɗaya. Idan awon ALMA ya zo daidai da na hotuna, an sami shaida daga wanda ba ɗan gida ba. Idan ya saɓa, an san akwai abin dubawa a kundin taurari.

Ɗaya ƙarshen igiyar

ALMA ta ƙarfafa ƙarshen bakan na yanzu. Ƙarshensa na da, wato shekarun 1930, yana nan da rauninsa, kuma babu na'urar da za ta koma baya ta sake kallo. Abin da ya rage shi ne a sake karanta abin da aka riga aka ɗauka. A cibiyar Lowell akwai tarin hotunan gilashi da Carl Lampland ya ɗauka daga 1930 zuwa 1951. Marc Buie na cibiyar bincike ta Southwest ya sake auna su da kayan zamani, ya gwada su da sababbin kundayen taurari, shi da William Folkner na JPL suka buga sakamakon a 2015. Ga kuma awon da ake samu idan Fuluto ta gifta gaban wani tauraro ta rufe shi na ɗan lokaci, wanda yake ba da mazauni mai kaifi matuƙar an san inda tauraron yake.

Abin sha'awa ne a ce na'urar da aka kashe fiye da dala biliyan ɗaya wajen gina ta da gilasan da suka shekara tamanin a ajiye aiki ɗaya suka yi, kuma ba a iya cewa ga wanda ya fi wani. Idan nisa ake nema, tsawon bakan da aka sani shi ne jari, don haka gyara farkonsa yana da nauyin da bai gaza na gyara ƙarshensa ba.

Yadda ta kaya

Kumbon ya farka daga barcinsa na ƙarshe kafin isa Fuluto ranar 6 ga Disambar 2014. A watannin da suka biyo baya aka yi masa 'yan gyare-gyaren hanya bisa hotunan da yake aikowa, na ƙarshe a ƙarshen Yunin 2015, inda injinansa suka yi aiki na sakan 23 kawai. Masu tsara hotuna ma ba su sakankance ba. Sun baza jerin hotunan ta yadda za su rufe duk inda Fuluto za ta iya kasancewa, sun yarda wasu su fito babu komai a ciki.

Ranar 14 ga Yulin 2015, da ƙarfe 11:49 agogon GMT, New Horizons ya gifta kimanin kilomita 12,500 daga fuskar Fuluto. NASA ta ce ya bi ta cikin tagar da aka tsara masa mai faɗin kilomita 60 da tsawon 90, kuma tafiyar ta gaza abin da aka yi hasashe tun ranar tashi da kusan minti ɗaya. Hotunan sun hau inda aka nufa, an kuma ɗauki fiye da wata goma sha biyar ana sauke su.

Nawa ne rabon ALMA a wannan nasara? Tambayar ba ta rabuwa gida-gida, domin duk awon a tukunya ɗaya aka zuba su, kuma a makonnin ƙarshe idon kumbon ne ya karɓi ragama. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne, shekara guda kafin isowa, lokacin da gyaran hanya yake da arha wajen mai, an sami awon da bai dogara da taurari ba ko kaɗan. Giftawar kanta kuma ta zama awo mafi kaifi da aka taɓa yi wa mazaunin Fuluto, tun da a karon farko wani abu mai magana ya je kusa da ita.

Bayan haka fagen ya sauya. Kumbon Gaia na hukumar sararin samaniyar Turai, wanda aka harba a Disambar 2013, ya fitar da kundinsa na farko a Satumbar 2016, ya makara wa Fuluto da shekara guda. Kundin ya auna taurari fiye da biliyan ɗaya, aka kuma ɗaura shi a kan taswirar kweza, sai babban ciwon awon hoto ya ragu ƙwarai. Da New Horizons ya doshi Arrokoth, wani ƙaramin dunƙule da ke can gaba da Fuluto, wanda ya gifta ranar 1 ga Janairun 2019, da taurarin Gaia aka yi hasashen inda inuwarsa za ta faɗo, masu kallo suka je suka tare ta a kudancin Ajantina a 2017 da Senegal a 2018.

Wannan bai sa dabarar rediyo ta yi ritaya ba, sai dai ta koma inda ta fi kowa. Rangajin da Sharon yake sa Fuluto yi, wanda a 2014 matsala ce da ake son cirewa, shi ne abin nema a wasu wurare, domin girman rangajin yana faɗin nauyin watan. Michael Brown da Bryan Butler sun yi amfani da ALMA sun bi Orcus da watansa Vanth, da kuma Eris da watanta Dysnomia, wato wasu ƙananan duniyoyi biyu masu nisa irin Fuluto da watanninsu, suna auna kowanne a gaban kweza. A sakamakon da suka buga a 2023, Vanth ya kai kimanin kashi 16 cikin ɗari na nauyin Orcus, rabon da ya ɗara na Sharon da Fuluto, shi kuwa Dysnomia bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin Eris ba.